Darasin da Ya Bi ta Bakin Inna

Ɗiyata ta fari ba a ɗakina ta girma ba. Da aka yaye ta, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ɗauke ta zuwa Guci, kamar yadda ake yi a gidanmu. Ni na zauna ƙauyen mijina da ƙannenta da suka biyo baya. Ba na kiran sunanta. In magana ta kama sai in ce yarinyar Inna. Ita kuma Yaya take ce mini, domin da sunan ta tashi ta ji ƙannena suna kirana. In ta zo hutu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, tana durƙushe, ina duban wani wuri. Kunyar ɗan fari ce, haka na tarar ana yi, ban taɓa jin ta yi mini nauyi ba.

Ta yi lakwal, wato makarantar boko, har ta kai jami'a a Damagaram. A shekarar ƙarshe ana sa su rubuta wani babban littafi da suke ce wa memuwar, sai malamai sun yarda da shi ake ba mutum takardar gamawa. Ita ta zaɓi ta yi nata a kan karatun yaƙi da jahilci na matan karkara. Ni ma na yi wannan karatu da rani, a wata rumfar zana, ina da goyo. Da shi nake wannan rubutu.

Bayan an cire gyaɗa suka zo ita da Inna a bayan kabu-kabu. Inna ce ta faɗa mini abin da ya kawo su. Malamin da ke duba littafin ya dawo mata da babi guda, ya ja layi da jan bik, wato biro, a gefe. Wai a ƙa'idarsu duk abin da ba daga kanka ya fito ba, sai ka nuna inda ka samo shi. In littafi ne, ka faɗi mai shi da shafin. Ko maganar da malami ya yi a aji ce, sai ka sa sunansa da darasin da shekarar, haka ma takardun da aka raba wa ɗalibai. Ita kuwa ta rubuta yadda malamin da ya koyar da mu, wanda muke ce wa mushe, yake karantarwa, abin da ta tsinta a bakin mata tun tana ƙarama, ba ta ce daga wa ba. Malamin ya ce ko ta kawo tushe, ko ta cire babin. In ta cire shi littafin ba zai tsaya ba, sai dai ta jira baɗi.

Takardu dai mushe ya ba mu, falle-falle. Amma mu a ganinmu in darasi ya zauna a kai, takarda ta gama aikinta. Da su muka riƙa ƙunshe ƙuli-ƙuli da daddawa ranar kasuwa. Shi kansa an daɗe da ɗauke shi, ba wanda ya san inda yake. Matan ajin, wasu sun rasu, wasu aure ya kai su nesa, waɗanda suka rage tun farko suka daina zuwa. Sai ni.

Da hantsi muka zauna a inuwar rumbu, ina ɓarar gyaɗa. Yarinyar ta ajiye wayarta a kan tabarma don ta ɗauki magana, ta dubi Inna.

“Inna, tambaye ta, da wane harafi ya fara musu?”

Inna ta juyo gare ni. “Ke, an ce da wane baƙi ya fara?”

Na matsa kusa da kunnenta na ce ba da harafi ya fara ba. Sunayen kasuwanni ya fara rubuta mana a allo, Guci, Kwaya, Mallawa, ya tambaye mu ranar da kowace take ci, sannan ya riƙa tsinka sunan gaɓa-gaɓa.

Inna ta ce, “Ta ce da waƙar kasuwa ya fara, suna tafi.”

“Inna, anya? Kamar ban ji ta ce waƙa ba.”

“To ke da kike ji, me ya sa kika ɗauko ni a kan babur har ƙuguna ya kwance? Magana ba gishiri wa zai karanta ta?”

Haka aka yi ta yi. Na ce a ƙasa muke fara zana baƙi da kara kafin a ba mu alli, Inna ta ce da kara yake dukanmu. Na ce mutum ne mai haƙuri, ta ce gwauro ne shi ya sa. Da yarinyar ta kunna wayar don ta ji abin da ta ɗauka, muryar Inna ce kaɗai ta fito, sai kukan kaji. Ni dama muryata ba ta da ƙarfi.

Ta ce, “Inna, ke ba ki zauna ajin nan ba. In na rubuta naki, sai in sa sunanki, in ce kin ji daga Yaya, ita ta ji daga mushe. Malam zai ce me ya hana ni tambayar mai abin, ga ta da ranta.”

“Ki ce masa kunya.”

“Babu wurin rubuta kunya a takardar.”

“To makarantarku ba ta cika ba,” in ji Inna. Ta tashi ta ɗauki buta, ta ce ita azahar ta yi mata, ko da rana ba ta karkata ba. Ta shige ɗaki ta bar mu.

Sai ni da yarinyar. Ina jin ta tana mayar da kaye, littafin rubutunta, da bik cikin jaka. Na yi tunanin kuɗin mota da na haya da kakarta ta sha sayar da awaki a kansu, na yi tunanin baɗi. Abin da ake nema kuwa ba wani abu ba ne, darasi ne da na sani kamar tafin hannuna. Sai na juya mata baya, na jawo kwandon gyaɗa gabana, na fuskanci rumbu na ce, “A matso da wayar.”

Ta matso da ita har gefen gwiwata. Na fara daga ranar farko. Tana tambaya a hankali, “Yaya, bayan kasuwanni sai me?” ina amsawa, hannuna bai bar ɓara ba. Shekarar ban san ta da lissafinsu ba, na ce ƙanenta ne a bayana, ta ce za ta duba takardar haihuwarsa. Sunan mushe guda na sani, da garinsu, ta ce za ta sa iyakar abin da aka sani. Inda na manta na ce na manta, ta ce shi ma haka za ta rubuta. A ƙarshe ta tambaya ko na yarda a sa sunana a littafin. Na ce a sa.

Washegari suka koma. Aka kwana biyu ba labari, sai ran nan wayar gidan ta yi ƙara, aka miƙo mini aka ce ni ake nema. Ita ce. Ta gaishe ni, ta ce malam ya ce saura abu guda: takardun da mushe ke rabawa, shi ya rubuta su da hannunsa, ko bugaggu ne aka aiko masa? Na ce bugaggu ne, a kwali suke zuwa daga Magaria, amma na kasuwannin shi ya ƙago, babu shi a ciki. Na ji tana rubutawa.

Ba wanda ya kashe wayar. Can ta ce in ta ƙara wannan, malam ya ce babin ya tsaya. Na ce to madalla, Allah ya sa albarka.