Samari Biyu na Tailan da Sandar Tsaro

Ku gyara zama. Mai tauna ya haɗiye, mai tari ya ƙarasa tarinsa, ga labari nan tafe gare ku.

A unguwar Nuzla, nan ƙasar Larabawa, aka haife ni, a nan na haihu, a nan gwiwoyina suka ajiye aiki. Shekarar da na daina sauka daga bene, ɗana na fari, wanda ke tuƙa wa wasu masu hali mota a unguwar Abhur, ya sayo talabijin mai faɗin ƙofa ya kafa a ɗakina. Ya tsaya gabansa ya ce, "Inna, na san yaran nan da musalsal, finafinan nan na Asiya masu dogon zango. Ke ce mai tsaro. Ranar da na shigo na ga abin da bai kamata ba, halas, magana ta ƙare, ranar talabijin zai bar gidan nan."

Na karɓi amana, kuma ina da dalilin riƙe ta da kyau. Tun da akwatin nan ya shigo matan unguwa suka tuna ina raye. Bayan la'asar ɗaki ya cika: jikata mai karatun jinya, maƙwabciyata Bahaushiyar Sudan wadda ta daɗe tana aikatau a manyan gidaje, da duk wadda ƙamshin shayi ya jawo. Kafin nan daga ni sai fanka.

Da fari rimot aka ba ni. Ranar da wani ɗan Koriya ya kai bakinsa kusa da na wata yarinya, na danna da ƙarfina, sai sauti ya ƙaru, har mai shagon ƙasa ya ji numfashinsu. Daga nan na ɗaura tsohon mayafi a kan sandata. Da na ga namiji da mace sun rage su biyu, sai in ɗaga sanda, mayafi ya rufe su, in yi salati goma, in sauke. Rubutun Larabcin da ke gudu a ƙasa ban iya karanta shi ba, amma ido bai buƙatar makaranta. Sai dai 'yan Koriya mutane ne masu jinkiri. Sai a kusan yin salati talatin bai gama yanke shawara ba, kafaɗata na zogi.

Wata rana jikata, wadda ke kirana kaka da Larabci, ta ce, "Sitti, na samo wani na Tailan. Wannan ba zai gajiyar da hannunki ba."

"Ke dai uwar son jiki, sa mu gani."

Samari biyu ne. Ɗaya yana sayar da miyar taliya a cikin kwalekwale, ɗaya yana karatun likita. Babu mace sai uwar ɗan likitan, ita kuma kullum kuka. Suna tafiya riƙe da hannun juna, yadda mazanmu ke fitowa daga masallacin Juma'a. Mai taliya ya kwanta zazzaɓi, abokin ya zauna yana ba shi miya a baki yana goge masa goshi. Na yi hawaye, na roƙa wa yaron lafiya. Na ce wa matan, "Ku ga aminci. Uwar nan ba ta da kirki, don yaro talaka ne take ƙin sa." Maƙwabciyata ta sa baki cikin kofin shayi.

Mako uku sandata ba ta tashi ba, har aka are ta aka tokare taga.

Ranar kashi na ƙarshe suna bakin teku. Ɗan likitan ya durƙusa, ya ciro zobe.

Na ce, "Na azurfa ne. An yi masa tarbiyya."

Maƙwabciyata ta ce, "Hajiya, ina sandarki?"

"Ina macen?"

"Babu mace. Shi ya sa nake tambaya."

"Yi mini Hausa, ƙawa."

"Son juna suke, irin son da ake haɗa lefe dominsa. Na ga shirin nan tun bara, a gidan da na yi aiki."

"Kika zauna mako uku kina shan shayina?"

"A can ban samu ganin ƙarshen ba."

Na juya ga jikata. Ta ce da Larabci wai ita darasin asibitin take bi. A daidai nan muka ji takalmin ubanta, wato ɗana, a kan matakala, ashe masu gidansa sun sallame shi da wuri. Yarinyar ta danna, hoto ya tsaya cik: samarin nan hanci da hanci, saura kaurin takarda.

Ya yi sallama, ya tsaya, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Masha Allah. Har gaisuwar hanci suka iya, kamar mutanen ƙauyen Larabawa. Inna, irin wannan ya kamata a riƙa kallo, yara su koyi zumunci."

Matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma amana aka ba ni, kuma ban taɓa cin ta ba. Na ce ya zauna. Na faɗa masa komai, tun daga kwalekwale har zobe. Ya miƙe ya nufi bango zai zare waya.

Na ce, "Dakata. Me ka ce ranar da ka kawo shi?"

"Na ce in na shigo na ga abin da bai kamata ba."

"Ka shigo. Ka gani. Me ka ce, a gaban mata biyar?"

Ya tsaya da waya a hannu. Ya san in akwatin nan ya sauka bene, kafin magariba duk Nuzla ta ji dalili, ta kuma ji wanda ya yaba. Ya mayar da wayar a hankali, ya tambaya ko akwai sauran shayi.

Talabijin yana nan har yau. Ɗana ya yi wata biyu in amininsa ya miƙo hannu a hanya sai ya sa nasa a aljihu, har aminin ya aiko a tambaye ni ko ya yi laifi. Jikata ta gama karatu tana aiki a asibiti, kuma an cire ta daga zaɓen abin kallo har abada. Maƙwabciyata ta koma wurin 'yarta a unguwar Aziziyya, amma duk Alhamis tana hawo mini bene. Ni na koma shirin namun daji, na tarar zakuna ba su da ko jinkirin 'yan Koriya. Addu'ar da na yi wa mai taliya kuwa ban janye ta ba, mara lafiya na yi wa.

Samarin nan ban ga ƙarshensu ba. Maƙwabciyata, wadda ta ce ta gani daga baya, ta rantse sun buɗe gidan abinci a bakin ruwa, jikata ta ce ɗaya ya tafi karatu wata ƙasa. Ban bincika wace ce mai gaskiya ba.