Kakana Ummaru Kuloci da Jar Motarsa

Duk wanda ya taɓa zama tabarma ɗaya da kakana Alhaji Ummaru ya san ƙafarsa ta hagu ba ta hutawa. Yana magana tana taka kulocin da babu shi, hannun dama kuma yana canza giya a iska. In hira ta yi daɗi sai ka ga ya kai ta huɗu. In aka kawo zancen da ba ya so, musamman zancen asibiti, sai ya ja hannu baya ya ce, "Ribas." Daga nan babu mai ƙara tofa komai. 'Yan kasuwar albasa ta Boɗinga ne suka laƙaba masa Ummaru Kuloci, kuma bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake gara wannan da a kira shi fasinja.

Ku da kuka san shi kun san Zakanya. Ga wanda bai sani ba, wata jar mota ce mai ƙofa biyu da kujera biyu da dogon hanci, wadda ya saya hannun wani Bature injiniyan titi tun mahaifina yana goye. Irin motocin nan ne da aka ƙera don gudu kawai. In ya tada ta da safe, kajin unguwa sai sun sake shawara. Shi kuwa dillalin albasa ne, motar ko buhu biyu ba ta ɗauka. Da abokansa suka ce ya sayar ya sayi akori-kura, sai ya ce, "Albasa ta hau abin da ka ɗaukar kaya. Ni ba kaya ba na."

Ni ce jikarsa ta fari, don haka ni ce amarya, shi ne angona mai furfura. Kuma a duk zuriyarmu ni kaɗai ce na shiga Zakanya fiye da sau ɗaya da ƙafata. Da na samu aikin koyarwa a Shagari, shi ya ɗaura wa kansa kai ni duk ranar Litinin, ba don tausayi ba, don ya samu dalilin hawa titi.

Maƙonsa kuwa sai dai a yi shiru. Bai taɓa cika tanki ba. Kwalba-kwalba yake saya wurin 'yan bumburutu, yana tsaye a kansu har sai ɗigon ƙarshe ya sauka. Kuma yana da wani lissafi nasa da babu malamin da ya iya rushe shi: wai in mai ya yi kaɗan, gudu ake ƙarawa, don a isa kafin ya ƙare. Wata rana za mu gaisuwa Sifawa, allurar mai tana kwance kamar an yi mata sallah. Na ce, "Tsoho, mu ƙara kwalba ɗaya mana." Ya ce, "Riƙe gyalenki dai." Muka tashi kamar an koro mu. Ana hango gari motar ta yi tari ta mutu. Na dube shi ina jiran ya ji kunya. Ya fito ya zagaya ta, ya gyara hula, ya ce, "Kin gani ko? Ba mai na yaƙ ƙare ba, gudun na bai isa ba. Ke kis sa ni rage wuta da surutunki." Ni na tura, shi yana ciki yana ba da umarni.

Limamin unguwarmu ma ya ɗanɗana. An yi suna a Shagari, motar haya ta yi wuya, Kaka ya ce, "Allah gafarta Malam, taho in aje ka." Malam ya shiga da rawaninsa tsaf. Waɗanda suka tarbe su sun ce ya fito rawani a wuya, baki yana motsi, ya rasa wanda zai fara gaisarwa. Da aka watse ya ce shi a keke mai ƙafa uku zai koma, ko da zai kwana a hanya. Kaka ya bi shi yana cewa, "Malam, shekara nawa kana wa'azi mutane su tuna lahira? Ni tsakanin Boɗinga da Shagari nika gama wanga aiki." Daga ranar ya samu karin maganarsa da kowa ya haddace: motar da ba ta sa ka salati ba amalanke ce.

Muna dariya, amma a cikin gida hankali ba kwance yake ba. Idon Kaka ya fara raguwa. Yakan gaida turmi a tsakar gida, ya kira jika da sunan wani. An yi an yi ya je a duba shi, kullum ribas. 'Ya'yansa suka yi taro kan yadda za a karɓe makullin Zakanya, aka rasa wanda zai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa. Makullin nan a aljihun 'yar cikinsa yake kwana. Kowa ya san ranar da aka ƙwace shi da ƙarfi, an gama da tsohon.

Sai Baffa Sanusi, ɗansa da ke kwangila a Abuja, ya zo da dabara irin ta masu kuɗi. Ya ce ba za a ƙwace ba, musanya za a yi. Ya sayo sabuwar motar gudu, baƙa wuluk, wadda aka ce tana ganin hanya da kanta, tana taka birki da kanta. A kan babbar mota aka kawo ta, don cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Ranar da aka sauke ta, tudun rage gudu na farko a bakin kasuwa ya riƙe ta ƙam. Sai da aka aro katako wurin kafinta aka yi mata gada, matasa suna ɗauka da waya. Motar da aka ce tana gudu kamar jirgi, jakin mai albasa ya wuce ta yana kaɗa kunne. Baffa yana ta bayani wai titin ne bai dace ba, man garin nan ma bai dace ba, kuma in ta lalace sai an kira mai kwamfuta daga Abuja.

Kaka ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Sanusi, mi ad dace da ita cikin ƙasag ga? Ko mu za a canza?"

Duk da haka ya yarda zai gwada ta, don kada a ce ya ji tsoro. Sharaɗinsa ɗaya, amaryarsa ce za ta zauna gefensa. Wata Litinin da hantsi muka shiga.

Rigima ta fara tun kafin mu motsa. Ya laluba da ƙafar hagu bai ji komai ba. "Ina kuloci?" Na ce babu. "Giya hwa?" Na ce ita ke sa wa kanta. Ya ce, "To ni mi za ni yi, tasbihi?" Sai ta fara ƙara, ƙit ƙit ƙit, wai sai ya ɗaura bel. Ya ce ko Baturen da ya koya masa tuƙi bai taɓa ɗaure shi ba. Ni na ɗaura masa don mu samu lafiya.

Da muka fita gari ya taka ta. Gaskiya ni kaina na ji bayana ya manne da kujera, itatuwa suka zama zare. Ta fi Zakanya gudu nesa ba kusa ba. Amma shiru kake ji, sai sanyin esi. Kaka ya taɓe baki. "Diba, amarya. Zakanya in ta kai rabin haka, sitiyari kokawa shika yi da kai awa bijimi. Kana jin kowace tsakuwa ga ƙashin bayanka, kana jin warin mai, injin na hwaɗa maka abin da shika so. In kun iso, kun iso ku biyu, kowa ya yi zuhwa. Wagga kuwa ɗaki ta anka sa ma taya. Gudun nata na, ba nawa ba." Ya ɗan kauce wa rami, sitiyarin ya mayar da kansa. Ya ce, "Kin gani? Hab baki gare ta."

Ina cikin dariya na hango shanu sun gama tsallake titi, saura wata farar saniya, bayanta wata mata da ƙwaryar nono a ka, da goyo. Na ɗauka ya gani. Na buɗe baki, kafin murya ta fito motar ta yi wata irin ƙara ta dafe ƙasa. Bel ya shaƙe ni. Muka tsaya cak, hancin motar ya kusa shafar zanen matar. Ta dafe ƙwaryarta, ta harare mu, ta wuce. Na sunkuyar da kai, sai idona ya sauka kan ƙafar Kaka. Tana kan totur, ba ta ko ɗaga ba.

Muka ƙarasa Shagari, ya sauke ni ya juya gida. Da yamma kuwa, aka ce, ya tara jama'a a ƙofar gida ya yi wa motar tatas. Marar kunya ce, marar tarbiyya, tana katse babba yana tuƙi. Ya miƙa wa Baffa makulli ya ce a mayar da ita inda aka ƙera ta, a koya mata gaisuwa. Baffa ya koma Abuja rai a ɓace, kowa ya ce dabara ta rushe.

Ranar Juma'a na dawo gida na tarar da Zakanya a kan duwatsu, an cire tayoyinta huɗu an jingine a zaure. Shi da kansa ya kira bakanike. Duk wanda ya tambaya sai ya ce titin yanzu bai cancanci motar mutunci ba. Wasunku har yau haka kuka sani, kuna cewa taurin kai ne ya motsa.

Na same shi zaune a cikinta, hannu a kan sitiyari. Na ce, "Ango, an yi ritaya ke nan?" Bai rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce in shigo in rufe ƙofa.

"Amarya, ran nan mi kig gani bisa hanya?"

Na ce saniya, da mace mai goyo.

Ya daɗe yana shafa sitiyarin. "Har da goyo," ya ce. "Ni ban ga komi ba sai hwarin hayaƙi. Kak ki hwaɗi ma kowa sai bayan raina, kas Sanusi shi ji daɗi."

Na ce to ai sai ya karɓi sabuwar, tunda ita tana gani. Ya girgiza kai.

"Waccan ba ta bukatata. Wagga kuwa shekara da shekaru ba ta taɓa saɓa mani ba, shi as sa nika son ta. Inda ita ta ran nan, da nit taka, tahiya za ta yi."

Na juya fuska waje don kada ya ga hawayena, na manta ba zai gani ba. Bai sake hawa titi ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma babu wanda ya ƙwace masa makulli. Na cika alkawari, Tsoho, sai yau na faɗa. Baffa, ka yi haƙuri, motarka ta yi aikinta.

Allah Ya jiƙan angona, Ya yafe masa kurakuransa da firgicin da ya jefa bayin Allah a ciki, har da Malam. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya mayar masa da ganinsa a gidan Aljanna. Yaron nan da aka goya, wanda bai san an yi ba, Allah Ya raya shi. Amin.