Almu na Teku a Bayan Mota

Tanko mai fenti bai taɓa ganin teku ba. Ni maƙwabcinsa ne a unguwar Gobarau cikin Katsina, na san ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne kududdufin bayan unguwarmu in damina ta yi ƙarfi. Amma a shekarun da kuɗin man fetur ya cika ƙasa, kowa yana sayen babbar mota, shi ne mai zana teku a bayan motocin da ke zuwa Ikko.

Ba don sha'awa ya fara ba. Wansa Almu ya bi ayarin masu neman aiki zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa a Ikko, lokacin da ake ta sauke siminti, daga nan shiru kake ji. Mahaifiyarsu Inna Sabuwa kuwa idonta yana ta mutuwa, jiki ya ƙi daɗi. Kullum Tanko ya dawo daga tasha sai ta juyo da kunne wajen ƙofa, ta ji ko sawun mutum biyu ne. Tsoron Tanko ɗaya ne, kada ta cika ba ta sake jin muryar ɗanta ba.

Sai ya yi dabara. Duk motar da aka kawo masa, sai ya zana fuskar Almu a bayanta, har da tsagaggen kunnensa na hagu, ya sa shi cikin kwalekwale, ya rubuta sunansa a ƙasa. Ko wani zai gane shi, ya ce masa ana cigiyarsa a gida. Liman ya yi masa faɗa kan zanen mutum, ya ba da haƙuri, ya ci gaba. In fili ya rage a saman hoton, sai ya cike shi da tauraro.

Wannan tauraron shi ya jawo mana magana. Direbobi dai bakinsu ba ya zama banza. Kafin shekara ta zagayo an ce Almu na Teku ya tuƙa kwalekwale har inda ruwa ya ƙare, ya yi kokawa da kifi mai girman masallaci, daga can ya hau sama ya zama tauraro. Wai motar da ke ɗauke da shi ba ta faɗuwa. Masu fenti na Kano da Zariya suka shiga kwaikwayo, suka ƙara masa ƙirji, suka gyara masa kunne. Kowa ya san Almu, babu wanda ya gan shi.

Labarin ya iso gida a bakin wata mai tallar daddawa. Inna Sabuwa ta kira Tanko.

"Mi ake nufi da ya zama tauraro? Hwaɗa mini gaskiya, ɗana ya rasu ne?"

"Inna, zancen tasha ne kawai."

"To in yana da rai, mi ya hana shi zowa?"

Daga nan Inna ta rage cin abinci, Tanko ma ya rame. Na tausaya masa ƙwarai a lokacin.

Ana nan sai Sammani direba ya dawo daga Ikko, ya ja Tanko gefe.

"Malam Tanko, na ga wanka Almu. Dako yake a Apapa, ƙurar siminti ta ci mishi ƙirji, tari kamar me. Kullum yana ganin hotonshi na wucewa."

"Ka ce mishi Inna ba lahiya?"

"Na ce. Sai ya nuna bayan motata, ya ce wancan kuke jira, shi da wane ido zai shiga Katsina haka?"

Tanko ya ɗauko farin fenti ya shafe bayan motar Sammani tas, teku da tauraro duka. Ya zana ƙofar gidansu da tsagewar bangonta, da tabarma, da butar Inna a gefe. Ba mutum, ba rubutu. Sammani ya yi ta mita wai an cire masa kariya, amma ya tafi da ita haka.

Daga ranar Tanko ya koma zaman tasha, ko aiki ba ya karɓa. Duk motar da ta shigo sai ya miƙe ya duba masu saukowa, duk wanda ya taho daga unguwa da sauri sai ya ɗauka mugun labari ne.

Ina wurin ranar da Sammani ya dawo. Wani ramammen mutum ya sauko da ƙunshin kaya a hammata, yana tari. Wani kamasho ya ga baƙo, ya shiga nuna masa hoton da ke motar kusa, yana ba shi labarin kifin. Mutumin ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa. Tanko ya zo ya karɓi ƙunshin, ya ce, "Yaya, mu tahi gida."

Inna Sabuwa tana kwance, ta ji sawun mutum biyu. Ba ta amsa sallama ba, hannu kawai ta miƙa. Ta shafa fuskarsa, ta lalubo kunnen hagu, yatsanta ya tsaya a kan tsagar.

"Tanko," ta ce, "a ɗora ruwa. Yunwa nike ji."