Robobin Bikin Tagwayenmu

Ko tsufa zai ɗauke mini abubuwa da yawa, Larabar nan da ya rage kwana uku a ɗaura auren ƙannena ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun ja, amma har yau in ta faɗo mini sai in tsinci kaina ina dariya ni kaɗai a bakin keken ɗinkina.

Ni ce babba a ɗakinmu, nan Madarunfa ta Nijar. Ƙannen nawa tagwaye ne mata, kuma Allah ya kawo musu mazaje lokaci guda, wa da ƙane, daga wani gida a ɓangaren Katsina wanda kusan kowa a cikinsa malamin makaranta ne. Murna a wurinmu ba a magana. Inna ta ce duk matar da ta zo biki sai ta tafi da roba mai murfi, da takardar tunawa manne a jikinta, kamar yadda ake yi a birni. Da yake baƙi daga Nijeriya za su cika gida, na ce a yi rubutun da Ingilishi, kuma ni zan tsara. A aji na uku na bar kwalej, amma a lokacin gani nake ba wanda ya kama ƙafata.

A sama na rubuta “With love from the Bride's Mum”, a ƙasa “Thanks for your prayer's and gift's”. Na ƙara da kwalin da za a kafa a rumfar manyan baƙi, “VIP's”. In faɗa muku gaskiya, ni a tunanina ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a sama ado ne, duk inda s ta zo a ƙarshen kalma sai a maƙala mata shi kamar ɗan kunne. Na hau mota zuwa Maradi, aka buga mana guda ɗari uku, jan rubutu a kan farar takarda mai ƙyalli, muka lilliƙa su tsaf.

Da hantsin Larabar gida ya cika, ana suyar dubulan, ana shewa. Ƙaramar tagwayen, wadda ta ci jarrabawar bak ta kammala sakandare kuma ta fi kowa son Ingilishi, ta ɗauki roba guda tana dubawa. Sai na ga fuskarta ta sauya.

“Yaya,” ta ce, “wace ce amaryar?”

“Wane irin zance ne wannan? Ku biyu mana.”

“Nan dai uwar amarya ɗaya kika rubuta. Sai ki gaya mini wacce aka cire.”

Na hau ta da faɗa, na ce iyayi ne kawai. Ta ce ba iyayi ba ne. Murya ta fara tashi, mata suka bar kasko suka kewaye mu, har wata gwaggonmu tana cewa ita fa ba ta ga komai ba sai ɗan ɗigo kamar kashin ƙuda. Inna ta tsawatar, ta ce in je in kira mushe, wato malamin makarantar da ke maƙwabtaka da mu, wanda yake koyar da Ingilishi a kwalej. Na tafi da ƙarfin gwiwata, ina da tabbacin ni zai ba gaskiya.

Ya yi sallama ya shigo, ya karanta, ya yi ƙoƙarin danne dariya bai iya ba. Ya roƙi gawayi ya tsuguna a bakin bango.

“Ke da kike rubuta Hausa,” ya ce da ni, “ya da 'ya ɗaya ne?”

Na ce a'a.

“To haka waƙafin yake a Ingilishi, aiki yake yi, ba ado ba ne.” Ya rubuta bride's, ya ce wannan na amarya guda ne. Ya rubuta brides', waƙafin a bayan s, ya ce wannan na amare ne. Sannan ya nuna prayer's da gift's ya girgiza kai. “Waɗannan ba su mallaki komai ba, yawa kawai kike nufi, s kaɗai ta isa. Haka ma taƙaitattun kalmomi irin na kwalinki, VIPs ake rubutawa. Waƙafin yana zuwa ne in akwai mallaka, ko in an haɗiye wani harafi, kamar yadda aka koya muku a Faransanci.”

Kunya ta rufe ni, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi ƙarfin hali na ce ai ba wanda zai lura, a bar su haka. A nan ne ƙaramar ta fashe da kuka.

“Tun muna yara ake lissafa mu mutum ɗaya,” ta ce. “Kaya iri ɗaya, kira ɗaya, tagwaye ku zo, tagwaye ku tafi. Yau ma da zan bar gidan, ko a jikin roba ba za a ce mu biyu ne ba?”

Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ta yanke maganar. Ta ɗaga roba ta dube ta, ta ce, “Biyu na haifa, biyu zan aurar. A mayar da ɗigon inda zai faɗi gaskiya.”

Komawa Maradi a sake bugawa ba lokaci. Mushe ya kawo farin ruwan goge rubutu da muke kira bulanko, babbar tagwayen ta fito da jan farcenta, aka fasa kwalin ashana. Muka baje tabarmi a gindin dalbejiya. Layi guda suna shafe waƙafai uku a kowace roba, layi na biyu suna hurawa ya bushe, ni da amaren muna ɗiga sabo a bayan s da tsinken ashana. Kafin azahar abin ya koma wasa, har da waƙa aka ƙaga. Gwaggon nan mai zancen kashin ƙuda ita ta zama mai duba aiki, in ta ga an karkace sai ta ɗaga murya, “Bayan macijin ake sawa, ba gabansa ba!” Harafin s take kira maciji. Da la'asar muka gama, yatsunmu jajawur, cikinmu na ciwo don dariya.

Ranar biki wata dattijuwa daga dangin angwaye, wadda aka ce ta daɗe tana shugabantar makaranta, ta karɓi robarta ta gyara zaman tabarau. Ta shafa wurin da farce, ta gane gyara ne, ta tambayi wa ya yi. Aka nuno ni. Ta riƙe hannuna ta ce, “'Yata, kuskure kowa na yi. Gidan da zai zauna ya gyara ɗigo ɗaya sau ɗari uku, mun yi dacen surukai.” Na juya na ga ƙaramarmu tana murmushi a cikin mayafi.

Tun daga ranar ban ƙara kai rubutu a buga ba sai na nuna wa wanda ya fi ni sani. Na kuma koyi cewa in mutum ya tada hankali a kan abin da nake gani ƙarami ne, in fara tambayarsa me ke ci masa rai kafin in ce iyayi ne. Shekara ashirin ina kwana ɗaki ɗaya da ƙanwata, ban san abin da ke zuciyarta ba sai da na sa waƙafi a inda bai dace ba.