Baba Mai Ga-ruwa da Famfon Unguwarmu

Ko na manta komai a duniya, ranar da famfo ya fara zubar da ruwa a gidanmu ba za ta fita daga raina ba.

Shekarun yunwa ne suka taso mu daga ƙauyenmu na wajen Dawakin Tofa, gonar gado ta yi wa dangi kaɗan. Muka sauka a wata unguwar talakawa a gefen Ungogo, inda gidajen ƙasa suka cinye gonakin gero, kwata na bi ta ƙofar kowa. Baba ya samu kura da jarkoki ya shiga ga-ruwa. A wata rijiya ta bakin kududdufi yake ɗebowa. Da ita muke ci, ita muke sha.

Damina na tsakiya amai da gudawa ya shigo. Ƙanwata ta kwanta da safe, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Yaran maƙwabta suka bi bayanta. Ma'aikatan lafiya suka zo suka ce ruwan rijiyar nan ne. Babu wanda ya zagi Baba, sai dai idan ya wuce hira ta tsaya. Lokacin ina yarinya, sai da na girma na gane shirun nan ya fi zagi ciwo.

Bayan kaka wata ƙungiya ta ce za ta ja mana famfo gida-gida, a riƙa biyan abin da talaka zai iya, amma mu za mu haƙa hanyar bututu. Mazan unguwa suka yi sanyi, don an sha yi musu alkawari. Washegari Baba ya fito da diga.

Inna ta tare shi a zaure. "Malam, ka san in ruwan nan ya zo kurarka ta mutu? Me za mu ci?"

Ya ce, "Na sani. Amma ruwan da yarinyar nan ta sha, ni na zuba shi a randa da hannuna."

Shi kaɗai ya fara. Da mutane suka ga tafin hannunsa ya fashe bai daina ba, kunya ta fito da su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da aka sako ruwan, famfonmu ya yi ta tari, ya feso jan ruwa, can sai ga fari tas. Guɗa ta tashi ko'ina, yara na tsalle cikin laka. Baba ya tara hannu, bai sha ba. Fuskarsa ya yi ta wankewa, yana ƙara wankewa, don kada mu ga hawaye.

Maganar Inna ta tabbata. Babu mai kiran ga-ruwa kuma. Ya sayar da kurar ya tafi ci-rani Kudu yana dako, ya dawo mana da tarin da ya kwantar da shi, bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa.

Yanzu yaran unguwar suna barin famfo a buɗe su tafi wasa, ba su ma san an yi Baba ba. Ni kuwa na koyi cewa duk sauƙin da jama'a suke ji, akwai wanda ya saya musu shi da abincin bakinsa, kuma ba kasafai ake tunawa da shi ba.