Ranar da Zazzaɓin Yayata Ya Sauka

Shekarun baya can, zamanin da arzikin man fetur ya fara kawo mana kwalta da manyan motoci, ni ne malamin asibiti a wani ɗan sha-ka-tafi a ƙasar Gwaram. Horon da na samu bai taka kara ya karya ba, amma da na sa farar riga sai kowa ya koma kirana Likita. Ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba.

Wata damina masu zazzaɓi suka cika mana baranda. A wurina zazzaɓi ɗaya ne a duniya, maleriya, maganinsa kulorakwin da asfirin. Amma mutanen nan kukansu daban ne: ciwo a bayan ido, ƙasusuwa kamar an daka a turmi, wasu har da jajayen ƙuraje. Su shanye magani su dawo jiya-i-yau. Sai in yi musu faɗa cewa ba su sha daidai ba, in ƙara musu wani.

Cikinsu har da yayata, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijinta ya kawo ta daga Farin Dutse a bayan keke, na kwantar da ita a gidana. Kwana huɗu jikinta kamar garwashi. Rana ta biyar da safe na taɓa goshinta, na ji sanyi ƙalau.

Na ce, "Yaya, barka da arziki, zazzaɓi ya sauka."

Ta ce, "Auta, cikina fa murɗawa yake, ƙafafuna kuma ba sa ɗaukata."

"Yunwa ce, kwana huɗu ba ki ci komai ba. Bari a dama miki kunu."

Ta yarda, don ba ta taɓa musu da farar rigata ba. Ta ce tunda ta warke a mayar da ita wurin 'ya'yanta. Na ƙulla mata asfirin a takarda na sallame su, mijinta har da sadakar ƙosai.

Washegari da hantsi ya dawo shi kaɗai. Ya ce, "Likita, dasashinta jini yake yi, amanta ma baƙi ne." Muka garzaya Farin Dutse, amma kafin mu samu motar da za ta kai mu babban asibitin Birnin Kudu, la'asar ta yi. A bayan motar yayata ta rasu, kanta a cinyata, ba mu ko shiga gari ba.

Sai da na kusa ritaya, a wani taron ƙara wa juna sani, wata likita ta yi mana bayanin zazzaɓin dengi. Ta ce sauro ne ke kawo shi, amma mai cizon rana, wanda ke hayayyafa a randa da tsofaffin tayoyi. Cikin waɗanda ake yi wa zaton maleriya akwai masu shi, sai gwajin jini ke bambancewa. Ta ce lokacin da zazzaɓin ya sauka shi ne abin tsoro, asfirin kuwa ƙara zubar jini yake yi. Kowa yana ta rubutu, ni kuwa yayata kawai nake tunawa.

Ba a gwada jinin yayata ba, ba zan iya rantsuwa ba. Haka mutanen barandar nan, ban san nawa ne cikinsu ke ɗauke da shi ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Na yarda ajali ne, amma har yau abin yana cin raina, don ta faɗa mini da bakinta, na nuna na fi ta sanin jikinta. Littafin marasa lafiya na shekarar, in gara ba ta ci shi ba, yana nan da sunanta, kuma a gabansa na rubuta da hannuna cewa ta warke.