Hannuna da Akushin Baba

A shekarar da damina ta ci amanarmu, rumbunmu na ƙauye, can wajen Garhanga, ya koma fayau, har ɓeraye suka yi ƙaura. Ina da mata da ƴaƴa biyu, ga Inna, ga Baba da tsufa ya riga ya rusuna masa baya. Ana cikin haka Allah ya haɗa ni da aikin kuku a Keita, a gidan wani Anasara ɗan Italiya, cikin waɗanda suka zo tare ruwa da dasa itatuwa a kan tsaunukanmu. Mushe muke ce masa, wato yallaɓai da Faransanci.

Dahuwa ba ta ba ni wuya ba. Inda gabana ya faɗi shi ne ranar da ya buɗe wani ɗan ɗaki mai sanyi, ya nuna mini kwalabe a kwance reras. Giyar inabi ce. Ya ce daga ƙauyensu take, wani lungu ne cikin duwatsu wanda ko ƴan ƙasarsu ba kowa ya san sunansa ba, kuma ubansa ne yake matsa ta da kansa. Ya ce daga yau ni zan riƙa zubawa a tebur.

Na so in ce a'a, wallahi na so. Amma yunwa ba ta san a'a ba.

Haka na koya. Jar giya ana buɗe ta tun nama yana wuta don ta sha iska, kuma da gasasshen rago take tafiya ko zabuwa. Fara sai ta yi sanyi ƙalau, ita ce ta kifin tabki. In firiji ya mutu, in naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen buhu in rataye a inuwa, yadda muke yi wa salka. Maigida ake fara ɗiga wa ya ɗanɗana, kuma ba a cika kofi. In ka gama zubawa ka murɗa wuyan hannu don kada ɗigo ya ɓata zanen tebur. Abin haushi, hannuna ya iya. Har baƙinsa suna tafa mini, ni kuwa in koma bayan madafa in yi ta dirzar yatsuna da toka.

Tsorona Baba ne. Ba liman ba ne, amma ya yi karatu, kuma tun muna yara yake faɗa mana cewa la'anar giya ba ta tsaya kan mai sha ba, tana hawa mai ɗauka da mai zubawa. Mutum ne da in ya yi shakkar abinci, ko zai mutu ba ya kai shi baki. To ga shi geron da nake aikawa gida shi ne kaɗai ke riƙe da numfashinsa. Duk ranar da na je ƙauye na gan shi yana buɗe akushi yana bismilla yana sa mini albarka, sai in kau da kai. Abin da ya sani, ɗansa yana dafa wa Anasara shinkafa.

Wata safiya Mushe ya ce za shi duba wani kwazazzabo kusa da ƙauyenmu, in shiga mota, zai gaida tsohona. Na ce hanya ba kyau. Ya ce motarsa ta saba. Na ce Baba ba ya jin daɗi. Ya ce ai shi ne ma dalilin zuwa. Innalillahi! Ga direbansa, wani ɗan Madawa, mutumin kirki amma bakinsa ba ya da linzami, kuma shi ke yi masa tafinta. A hanya na roƙe shi ya yi hattara. Ya yi dariya ya ce, “Haba aboki, mi za ya hwaru ga gaisuwa?”

Muka tarar da Baba a ƙofar gida. Aka shimfiɗa tabarma, Inna ta aiko da ruwa. Mushe ya cire hula ya gaishe shi da hannu biyu, har na fara jin sanyi a raina. Sai ya zaro hoto daga aljihu: wani tsoho a gona, riƙe da kwandon inabi. Ya dafa kafaɗata, ya yi magana mai tsawo, idonsa har da ƙwalla.

Baba ya dubi direba. “Mi yac ce?”

Na kafe shi da ido, amma gogan ya ɗauka yabo ne, yabo kuwa ba a ɓoye shi.

“Malam, cewa yay yi wanga shi na ubanai. Shi ka yin giyar da suka sha, ɗanka kuwa shi ka zuba ta, kuma bai taɓa ganin hannu mai kyau irin nashi ba. Yac ce kun zama dangi.”

Baba ya karɓi hoton, ya dube shi da kyau, ya mayar. Ya ce a gaya wa baƙo ya gode, Allah ya ja kwanan tsohonsa. Har kaza ya sa aka kama masa. Da suka wuce kwazazzabo na durƙusa a gabansa.

“Baba, wallahi ban taɓa kai ta bakina ba.”

“Na sani,” ya ce. “Ban ce ka sha ba.”

Na zaci zai tsine mini, ko ya ɗaga sanda. Da ma ya yi! Tun daga ranar akushinsa ya riƙa komawa cikin gida a rufe yadda aka kai shi. Inna ta yi kuka, ta turo ƙannensa, a banza. Sai anza, ƴaƴan itacen nan na lokacin yunwa da Inna take jiƙawa ta cire ɗaci, ita kaɗai yake ci, da ganyen da ta tsinko a daji. Ni ina Keita barci ya ƙaurace mini. In na bar aiki ƴaƴana za su kwana da yunwa, in na zauna ina kashe ubana da hannuna. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gidan Mushe, sai in ce mai sanar da rasuwa ne.

Da na kasa daurewa na bi kamiyo, babbar motar kaya, na tafi gida. Inna ta ce Baba ba ya nan, ta nuna mini tsauni da haɓa. A can ake jera duwatsu don tare ruwa, ana biyan mutane da awon hatsi da mai, kuma yawancinsu mata ne, don maza sun tafi cirani. Na hau da gudu. Cikin layin matan na hango shi, da gammo a ka da dutse a bisa, ƙafafunsa suna karkarwa, wuyansa ya zama kamar sillen kara.

Na kama dutsen zan sauke. Ya riƙe gam.

“Baba, don Allah, don Annabi. Yau zan bar aikin.”

“Kul,” ya ce yana haki. “Koma ga aikinka, ɗiyanka na jiran hatsi. Su ba su san komi ba, ni na sani. Sake mini dutsina.”